Filin Gareji: kafireta na zubar da mai, ta ina za a fara?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka taru min a wannan karon da yawansu magana ɗaya suke yi, kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga injin, na yoyo, kafireta na obafulo wato mai na cika ta ya tumbatsa, mota na warin fetur, shi yasa na tattara su waje guda, masu tambayar giya da birki ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ban yi mamakin yawansu ba, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutumin da a da zai ga fetur na ɗiga a ƙarƙashin bonet ya kau da kai, yanzu kowane ɗigo a aljihunsa yake jinsa. Ni kuma abin da yafi damuna a maganar nan ba kuɗin bane, wuta ce.

Tambaya: Salam Oga, don Allah a taimaka min. Ina da Peugeot 504 a-kori-kura da nake ɗauko kayan gwari da ita daga ƙauye, to kwana biyun nan in na tada ta sai naji warin fetur har cikin mota, in na buɗe bonet sai naga kafiretar ta jiƙe sharkaf wani lokaci ma har ɗiga take a kan injin, ga baƙin hayaƙi a salansa kuma bata tsayawa a silo, wato in tana tsaye ba a taka totur ba, sai ta riƙa kakkarwa ta mutu. Na kai gareji an wanke ta, tayi kwana biyu lafiya lau abin ya dawo. Yanzu ance wai sai dai in sayi wata 'yar Beljiyom. Ba wata dabara ne?
*Direban a-kori-kura, Funtuwa*

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, kar ka sayi komai. 'Yar Beljiyom ɗin da za a kawo maka ita ma tsohuwa ce, ta yi shekaru a ajiye robobinta sun bushe, kuma in abin da nake zargi ne to ko sabuwa dal ka ɗaura sati ba zai zagayo ba zata fara irin wannan zubar.

Bari in faɗa maka yadda abin yake a ciki don ka gane da kanka. A jikin kafireta akwai wani ɗan kofi da mai ke taruwa kafin injin ya zuƙa. Cikin kofin akwai fulota tana yawo a saman man, a bakin da mai ke shigowa kuma akwai wata 'yar allura. Aikinsu irin na ƙwallon nan ne na cikin tankin ruwa, in ya cika ƙwallo ya taso ya toshe hanya, in ya ragu ya sauka ruwa ya shigo. Famfon mai shi turowa kawai ya sani muddin injin na juyawa, wannan 'yar allurar ce kaɗai ke tare shi. Duk ranar da ta kasa rufewa ruf, mai zai cika kofi ya tumbatsa, wani ya bi ta maƙogwaron kafiretar ya gangara cikin injin, shi ne baƙin hayaƙin nan da mutuwar da take a silo, wani kuma ya fito ta gefen fakin, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin murfi da kofi don hana yoyo, da ramin numfashin kofin da jikin sandar totur, shi ne jiƙewar da kake gani a waje. Kaga ashe ciwo ɗaya ne yake nuna kansa ta wuri biyu.

Maganar da kayi cewa an wanke tayi kwana biyu lafiya sannan ta dawo, ita ce ta ban amsa. Kafireta da ta lalace da gaske wanki baya gyara ta ko na awa ɗaya. Taka datti ne ke zuwa mata daga baya, ƙwayar tsatsa ɗaya da bata kai ƙwayar gero ba in ta maƙale a bakin allura ta isa ta hana ta rufewa. An wanke kafireta an bar tankin da ke aiko da dattin, an bar tsohon tiyo da ke marmashewa ta ciki, dole ya dawo.

Ga yadda zaka bi. Da safe injin na sanyi, a fili ba cikin rumfa ba, ba mai shan taba a kusa, ka cire iyakilina, wato matatar iskar da ke kan kafireta, ka goge kafiretar tas da tsumma ta bushe. Ka barbaɗa mata hoda ko garin alli sama-sama, sannan wani ya tada motar kai kuma ka tsaya ka zuba ido. Inda hodar ta fara yin duhu nan ne bakin yoyon, kuma kullum ka nemi wuri mafi sama da ya jiƙe domin mai ƙasa yake gangarawa, mutane da yawa sun canja abin da ke ƙasa alhali daga sama yake zubo masa. Sai a kashe motar ka leƙa cikin maƙogwaron da tocila, ba da ashana ko laita ba don girman Allah, kuma kar ka taɓa sa fuskarka saitin bakin kafireta injin na aiki, takan yi atishawar wuta. In kaga mai na ci gaba da ɗiga a ciki bayan an kashe, obafulo ne ba shakka.

Gwaji na farko kyauta ne. Motar na silo ka ɗan ƙwanƙwasa gefen kofin da ƙotar sukundireba, a hankali, ba da guduma ba. In zubar ta tsaya to allura ce ta maƙale. Na biyu, ka matse tiyon da ke kawo mai da filaya ka bar injin ya shanye na cikin kofi har ya fara neman mutuwa, sai ka saki, man da zai shigo da ƙarfi allura na buɗe sosai sau da yawa yakan wanke ƙwayar dattin ya wuce da ita. Wannan dabarar hanya ce, zata kai ka gida, ba gyara bace.

Gyaran sai an buɗe murfin sama. A ciro fulota a kaɗa ta kusa da kunne, in kaji motsin ruwa a ciki ta huje, ta sha mai tayi nauyi bata iya tasowa. In ba a ji komai ba a tsoma ta cikin ruwan zafi da aka sauke daga wuta, iskar cikinta zata buɗe, in akwai huji zakaga ƙananan kumfa na fita a jere. Akwai kuma irin baƙar fulotar nan da ba rami a cikinta, ita bata hujewa, tsotsar mai take a hankali in ta tsufa, sai an gwada nauyinta da na sabuwa ake ganewa. Sannan a dubi tsinin allurar a cikin haske, in ta yi zobe a jiki inda take zama, ta cinye, ba wankin da zai mayar da ita. A kafiretar Solex irin ta 504 gidan allurar ɗaure yake a jikin murfi da wata 'yar wasa, wato siririn zobe, a ƙarƙashinsa, wannan wasar kar a raina ta, in ta tsage mai zai bi ta gefe ya shiga kofi ko da allurar lafiyarta ƙalau, kuma kaurinta yana cikin abin da ke saita tsayin mai a kofin, in yaro ya yar da ita ya sa wadda ya tsinta a ƙasa an canja lissafi kenan. Kafin a mayar, a sa tiyo mai tsabta a bakin shigar mai a hura da baki, ana hurawa a tura allurar da yatsa a hankali, iska ta tsaya cak. In tana fita ko kaɗan ne a canja allurar da gidanta tare.

Abin da nake roƙon kanikawa su daina shi ne lanƙwasa hannun fulota da ka, wai don ta rufe da wuri. Eh zubar zata tsaya, amma man cikin kofin ya koma ƙasa da ƙa'ida, sai mota ta ɗauki kaya ta zo hawa ta fara shaƙewa, mai ita ya dawo a ce masa fulogi ne. Kowace kafireta da ma'auninta a littafinta, da ruwla ake aunawa. Haka zura waya a cikin jet, wato ɗan ramin da ke auna man da ke fita daga kofi, don a buɗe shi, tagulla ce mai laushi, ramin faɗaɗa yake, motar ta koma shan mai har abada.

Sai ka koma tushen. A sa sabuwar filta tsakanin famfo da kafireta, irin mai haske da zaka riƙa ganin cikinta, a canja tiyon mai gaba ɗaya, in kwana kaɗan filtar tayi ja to ba makawa a sauke tanki a wanke. Motar nan tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna kuma 504 ta daɗe ana yinta a can bayan Turai sun daina, don haka kayanta basu yi wuya ba, ka nemi kit ɗin gyaran kafireta a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tafi da tsohuwar allurar da fakin a hannu a gwada maka, kuɗinsa bai kama ƙafar na wata kafiretar ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Golf 3 ce dani injekta ta dame ni da matsala sai aka bani shawara na mayar da ita kafireta. Tun ranar da aka gama aikin take obafulo, mun canja allura har sau biyu, mun canja fulota, makanikin yace kafiretar ce jabu muka mayar aka bamu wata, duk ɗaya. Wallahi na gaji, man da nake sha yanzu yafi na da.
*Mai Golf, Gombe*

Amsa: Sannu ɗan uwa, an wahalar da kai a banza, kafiretar farko ma mai yiwuwa lafiyarta lau. Tambaya ɗaya zaka yi wa makanikin: da aka cire injekta, wane famfo ne ke turo mai yanzu? Ina kyautata zaton an bar na asali mai lantarki da ke cikin tanki.

Wannan famfon an yi shi ne don injekta, ita kuma injekta da ƙarfi take son mai, da bar ake auna ƙarfin turin, mai baki ɗaya tana aiki da wajen bar 1, mai baki huɗu wajen bar 3, kuma famfon in aka toshe masa hanya yana iya wuce haka. Kafireta kuwa abin da allurarta ke iya tarewa bai wuce bar 0.2 zuwa 0.3 ba, in yayi yawa 0.4. Kaga ana iya turo mata ninki 10 na abin da aka gina ta a kai. Fulota 'yar ƙaramar aba ce, ƙarfin da take danna allura da shi na tasowarta a saman mai ne kawai, ina zata iya da wannan? Ko allura ɗari kuka canja turota zai yi ya wuce.

Wasu kanikawan sun san da haka sai su sa mahaɗa mai baki uku a tiyo, wani man ya tafi kafireta saura ya koma tanki ta layin ritan. Yana aiki wani lokaci, amma sa'a ce, don ba wanda ya auna, in ramin komawar ya ƙanƙance ko tiyon ya lanƙwashe a ƙarƙashin mota zubar ta dawo. Mafi munin shi ne wanda zai cusa noti a layin ritan ya toshe shi gaba ɗaya wai don mai ya isa, wannan kam neman gobara ne da kuɗinka. Ka leƙa da idonka ka gani ko an yi maka haka.

Hanya biyu ce mai kyau. Ko a cire famfon injektar daga aiki a sa ƙaramin famfon lantarki da aka yi don kafireta, ana rubuta ƙarfinsa a jiki ko a kwali, ka karanta kafin ka biya. Ko kuma a bar na cikin tankin a sa regileta mai layin komawa tanki, a saita shi da geji a bakin kafireta injin na aiki. Gejin nan ba tsada gare shi ba, duk garejin da ke aikin mayar da injekta kafireta ya kamata ace yana da shi, in babu ka nemi wani garejin. Kuma a tabbatar wayar famfon ta bi ta rile da fis yadda in an kashe makulli zai tsaya, na sha ganin wanda aka ja masa waya kai tsaye.

Ra'ayina dai, ga masu shirin yin wannan juyin, ku fara neman mai na'urar duba injekta tukuna, sau tari sensa ɗaya ce ko waya ta tsinke, kuma injekta mai lafiya tafi kafireta tattalin mai nesa ba kusa ba. Kai da ka riga kayi, gyara maganar famfon, sannan ka zubar da baƙin man injin ka sa sabo domin duk wannan obafulon fetur ya gangara cikinsa.

Tambaya: Ina wuni Malam. Ni malamar makaranta ce ina da 'yar Toyota Starlet tsohuwa. Da safe tana tashi bugu ɗaya, amma in na dawo da rana na ajiye ta kamar minti 20 sai gidan ya cika da warin esans, in zan sake fita kuma sai tayi ta gurnani bata tashi sai da ƙyar. Ban ga komai na ɗiga a ƙasa ba. Lokacin sanyi bata yi min haka. A wajen 'yan ruwa-ruwa nake shan mai yawanci, ko shi ne?
*Malama, Maraɗi*

Amsa: Lafiya lau Hajiya, Allah ya taimaka. Kin yi bayani mai kyau, musamman da kika ce lokacin sanyi bata yi. Naki yafi kama da tafasar mai a cikin kofi.

Fetur ba kamar ruwa bane da sai zafi ya kai digiri 100, akwai sassa marasa nauyi a cikinsa da ke fara tafasa tun wajen digiri 35 zuwa 40, a Maraɗi kuwa watan Afrilu iskar gari kanta tana haura 40 balle ƙarƙashin bonet. Mota na tafiya fanka da iska da sabon man da ke shigowa suna sanyaya kafireta. Kina kashewa duk wannan ya tsaya, zafin injin ya taso sama ya dafa ta, man cikin kofi ya kumfo ya bi ta jet ya zuba cikin manifol, wato bututun da ke kai mai da iska cikin injin, wani ya tashi tururi ya fita ta iyakilina, shi ne warin. In kin zo tadawa injin ya riga ya ƙoshi da mai ba iska, shi yasa take gurnani.

In ta yi miki haka kar ki riƙa famfa totur, ƙara mata kike. Ki taka shi har ƙasa ki riƙe a nan, ki murza makulli kamar daƙiƙa 10, in bata tashi ba ki huta kaɗan ki sake, tana kamawa ki sassauta ƙafa.

A gareji kuma ga abin da za a duba miki. Yawancin kafiretocin Aisan na Toyota suna da wani ɗan gilashi a gefen kofi da alama a tsakiya, mota na silo a wuri mai daidai man ya tsaya a kan alamar, in ya haura to fulota na buƙatar saiti ko allura ta fara gajiya, kuma kofin da ya cika fiye da kima shi yafi saurin tumbatsa in zafi ya taso. A duba ƙarƙashin kafiretar, akwai wani fakin mai kauri da ke raba ta da zafin manifol, wasu in sun kwance sai su yar da shi su sa na takarda siriri. A duba layin ritan ba a toshe ba, a duba tiyon mai bai kwanta a jikin injin ba, a duba fanka da lagireto ko motar na zafi fiye da da. Ki kuma lura in kin buɗe murfin tanki da rana ko yana huci da ƙarfi, in hanyar numfashin tanki ta toshe shi ma yakan turo mai gaba mota na ajiye.

Man 'yan ruwa-ruwa ba shi ne kan gaba a wannan ba, amma jarka da kwalba da mazurari a bakin titi ƙura da ruwa basa rasa shiga, ki sa a tace miki da kyalle mai tsabta kuma ki riƙa canja filta da wuri. Kafin a gyara, don Allah ki riƙa ajiye ta a waje ta huce, nesa da madafa da janareto, tururin fetur yafi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske wuta a inda ba a zata ba.

Tambaya: Baba ina gaisuwa. Ni yaron gareji ne shekarata biyu ina koyo. In mun buɗe kafireta fakin ya yage ogana sai yace in shafa silikon in mayar, amma naga motocin suna dawowa. Ina jin nauyin yi masa magana. Daidai ne ko kuwa? Kuma akwai wata da take zubar da mai ta gefe in an taka totur kawai.
*Ɗan koyo, Zariya*

Amsa: Ina amsawa ɗana, Allah ya yi albarka, kuma idonka ya gane daidai. Silikon da fetur basa zama wuri ɗaya, mai na taɓa shi zai kumbura yayi laushi ya saki, guntayensa su faɗa kofi su toshe jet ko su maƙale a allura, sai a zo da yoyo a koma da yoyo da obafulo. Fakin kafireta a bushe ake sa shi. In babu na kanti ka sayi takardar fakin ta gaske ka ɗora murfin ka zana ka yanka, ka huda duk ramukan, har ƙananan, kowanne da aikinsa. Kwalin taliya ko na sabulu ba fakin bane.

In an sa sabon fakin yoyo bai tsaya ba to murfin ne ya banƙare. Jikin kafireta ƙarfe ne mai laushi, in aka ɗaure sukurori da ƙarfin tsiya kunnuwan sai su lanƙwaso tsakiya ta ɗaga. Ka kifa murfin a kan gilashi mai kauri zakaga inda haske ke wucewa. Ka shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin ka goga a hankali kana zagayawa har fuskar ta yi daidai, ka wanke garin tas. Wajen ɗauri kuma ka bi su a gicciye kaɗan-kaɗan, da ƙarfin yatsu da wuyan hannu, ba na kafaɗa ba.

Wadda ke zuba in an taka totur, duba gefenta zakaga wani ɗan murfi mai sukuru 4 da hannu a jiki, famfon totur kenan, a ciki akwai fatar roba da ke watsa mai duk sanda aka taka. Ta tsage ne, sai sabuwa, ba a liƙe ta da gam. Robobin nan tsufa na kashe su, gurɓataccen mai kuma yafi saurin kashe su, waɗanda ke gareji a watan Fabrairun 2022 sun ga abin da man nan da aka shigo da shi mai yawan metanol ya yi wa motocin mutane.

Maganar oganka kuwa, kar ka gyara masa a gaban mai mota ko gaban yara. Ka yanka fakin ɗaya mai kyau da kanka ka kai masa kace Oga duba min ko na iya. In yaga motar bata dawo ba shi da kansa zai ce ka riƙa yi.

Tambaya: Oga ni kafiretata bata zuba a waje amma baƙin man injin ƙaruwa yake maimakon raguwa, kuma ya tsinke kamar ruwa.
*Direban bas, Katsina*

Amsa: Direba ka ajiye motar nan yau, kar ka ƙara lodi ɗaya. Zaro gejin baƙin man ka sansana, in warin fetur kaji to ɗayan biyu ne. Ko kafireta na obafulo ta ciki mai na wanke silinda yana gangarawa ƙasa, ko kuma, in famfonka irin na jikin injin ne, fatar cikinsa ta huje yana zuba fetur kai tsaye cikin injin ba tare da ka ga ɗigo a waje ba. In ba baƙin hayaƙi kuma fulogi basu yi baƙi ba, famfon nake zargi. A canja shi, a zubar da man a sa sabo da filtarsa. Baƙin man da fetur ya tsinka baya riƙe metal da ringi, kwana kaɗan zaka ji ƙwanƙwasa, daga kuɗin famfo ka koma kuɗin sauke injin. In kuma ba warin fetur sai kaga man yayi fari kamar koko, wannan ruwa ne, maganar fakin kan injin ce daban.

Tambaya: Ranka ya daɗe, Beetle ce ta mahaifinmu muke lallaɓawa. Tana ɗan tsatsafo a daidai inda tiyo ya shiga kafireta, kaɗan ne dai. Wani yace in goga sabulu a wajen in ci gaba da hawa zuwa ƙarshen wata in an yi albashi. Zan iya?
*Ma'aikaci, Jos*

Amsa: A'a ƙanena, wannan kam ban yarda ba, kuma a Beetle ma yafi kowace mota. Injinta a baya yake, kafireta na zaune kusa da distiributa da janareton caji, duka biyun tartsatsi suke a ciki, kai kuma kana gaba, in ta kama sai na bayanka ne zai fara gani. Sabulu gaskiya ne fetur baya narkar da shi, direbobi na toshe ɗan hujin tanki da shi su ƙarasa gari, amma a bakin tiyo inda famfo ke turo mai injin na girgiza ba zai riƙe ba.

Gyaran ma bai kai a jira albashi ba. In bakin tiyon ne ya tsattsage, sabon tiyo ne na mai na gaske da kilif mai sukuru a kowane baki, ba farin tiyon nan na magina ba da ke ƙandarewa in ya sha fetur, ba kuma ɗaurin waya ko robar tayar keke ba. Amma ka kama ɗan bututun tagullar da tiyon ke shiga ka jijjiga shi tukuna. A Solex ɗin Beetle ba ɗaure yake da zare ba, cusa shi aka yi, in ya tsufa yakan yi sako-sako har ya fice gaba ɗaya ana cikin tafiya famfo ya riƙa watsa mai a kan injin, Beetle da yawa ta haka suka ƙone. In yana motsi a ciro shi a ɗan ƙarce jikinsa yayi kaushi a mayar da shi da ƙarfi, sannan a ɗaure kilif ɗin da waya a jikin sukurun murfin kafireta yadda ko ya saki ba zai fice ba. Kuma kar a rataya filta tana lilo a tsakanin famfo da kafireta a wannan motar, nauyinta ke jan bututun, a mayar da ita kafin famfo, ba cikin ɗakin injin ba.

Ka sa tukunyar kashe gobara mai hoda a inda hannunka zai kai, ba don 'yan Rod Sefti kawai ba, ka duba allurar gejinta na kan kore. In Allah ya kiyaye wuta ta tashi, kashe makulli, kowa ya fita, kar ka wangale murfin injin iska ta shiga, ɗaga shi kaɗan ka fesa ta ƙasan. In ba tukunya a watsa yashi ko ƙasa. Ruwa kam a'a, fetur a samansa yake yawo, sai ya ɗauki wutar ya kai ta ƙarƙashin tanki da tayoyi.